Yadda Za Ka Rage Shan Man Motarka Yayin da Fetur Ke Ƙara Tsada

Akwai wani kallo da direba ke yi wa mitar famfo a gidan mai idan farashi ya tashi. Layin kuɗi na gudu kamar ana korarsa, layin lita kuwa na rarrafe. Ka biya abin da ka saba biya, ka tayar da mota, allurar geji ta ɗan motsa ta tsaya ƙasa da inda ta saba tsayawa.

Abin da ya jawo haka yawanci yana can nesa da kai. Da dalar Amurka ake cinikin ɗanyen mai a kasuwar duniya, ganga-ganga, kowace ganga lita 159. Idan OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da ɗanyen mai, da ƙawayenta sun rage haƙo mai, farashi ya ɗaga. Idan rikici ya taso kusa da mashigin ruwa na Hormuz da ke bakin Tekun Fasha, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yake bi, farashi ya ɗaga. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, cikin 'yan makonni ganga ta haura dala 120. A kan wannan sai a ɗora kuɗin tacewa, da dako, da haraji, da ribar dillali, da faɗuwar darajar kuɗin ƙasa idan ta faɗi. Kuma kowa ya lura cewa hawan farashi a guje yake zuwa, saukarsa kuwa sai an yi ta jira.

Duk cikin waɗannan babu wanda ke hannunka. Abin da ke hannunka shi ne yawan litar da motarka ke ƙonawa a wata, kuma mafi yawan direbobi ba su taɓa sanin wannan adadin ba. Daga nan za mu fara.

Ka fara sanin abin da motarka ke sha

Tambayi direba goma nawa motarsu ke sha, tara za su amsa maka da kuɗi: "Ina zuba na kaza, ya kai ni kwana huɗu." Wannan lissafin ya mutu ranar da farashi ya canza. Lita da kilomita ne kawai ba sa yin ƙarya.

Ga yadda ake yi. Ka shiga gidan mai ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa. Kada a ƙara ko ɗigo bayan nan. Kafin ka bar wurin, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ko ka rubuta lambar da ke kan babbar mitar kilomita. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba, kada ka canza komai a tuƙinka tukuna. Idan mai ya yi ƙasa, ka koma, in da hali famfon da ka sha a farko, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce ainihin abin da ka ƙona.

A ce ka yi kilomita 400, aka zuba lita 36. Raba 36 da 400, ka ninka da 100, ka samu 9. Wato motarka na shan lita 9 a kowace kilomita 100, ko kuma kilomita 11 da 'yan kai a kan lita ɗaya. Ka rubuta a ɗan littafi ka ajiye a mota, ko a wayarka. Awo ɗaya bai isa ba, domin mako ɗaya kan zo da cunkoso, wani kuma da doguwar tafiya. Ka yi sau uku, ka ɗauki tsaka-tsakinsu. Lambar da wasu motoci ke nunawa a gaban direba tana da amfani wajen ganin bambancin yau da jiya, amma sau da yawa takan yi wa mai mota daɗin baki, don haka ka gwada ta da lissafin hannu.

Me ya sa na nace a kan wannan? Domin lamba ce ke sa mutum ya ɗore. Wanda ke yin kilomita 1,500 a wata da motar da ke shan lita 9, yana ƙona lita 135. Idan ya sauko zuwa 8, ya koma lita 120. Rarar lita 15 ke nan a wata, 180 a shekara, wato cikin tanki uku ko huɗu na ƙaramar mota. Kuma saukowa daga 9 zuwa 8 abu ne da ƙafar direba kaɗai kan iya yi, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a motar ba.

Ƙafarka ta dama

A wajen tuƙi, a nan mafi yawan asarar take, don haka a nan zan fi daɗewa.

Injin fetur ɗan almubazzaranci ne tun asali. Cikin ƙarfin da ke cikin man da ka zuba, abin da ke kaiwa ga juya tayoyi bai wuce kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari ba. Saura ya tafi a zafi, ta salansa da lagireto. Ɗan abin da ya rage ɗin shi ne ya ba motarka gudu. To idan ka taka birki, ina gudun ya tafi? Ya koma zafi a jikin birki, iska ta kwashe. Ma'ana duk lokacin da ka taka birki, man da ka riga ka biya kuɗinsa kake zubarwa. Sai ka sake taka totur, ka sake biya.

Kuma abin ba daidai-wa-daida yake tafiya ba. Motar da ke gudun kilomita 60 tana ɗauke da ƙarfin motsi ninki huɗu na wadda ke gudun 30. Direban da ya figi mota daga wannan danja zuwa waccan, ya kai 60 sannan ya turje, ya sayi ninki huɗu ya zubar, alhali wanda ya biyo shi a hankali ya same shi tsaye yana jiran fitila ta canza. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin figa-da-turjewa na rage nisan da lita ke kai mota da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso. Babu wani gyara da bakanike zai yi wa lafiyayyar mota da zai kamo ƙafar wannan.

Maganin ba daina taka birki ba ne, Allah ya kiyaye. Maganin shi ne ka ɗaga idonka. Yawancinmu bayan motar da ke gabanmu muke kallo. Ka koyi kallon mota ta uku da ta huɗu, da danjar da ke can gaba, da kwanar da ke tafe, da tudun rage gudu. Da zarar ka hango dole za ka tsaya, ɗauke ƙafarka daga totur tun daga nesa, ka bar motar a cikin giya ta gangara da kanta. Sau da yawa kafin ka isa fitila ta ba da hannu, sai ka wuce ba tare da tayoyinka sun tsaya ba. Tayar da mota daga tsaye cik ya fi komai cin mai, saboda haka ko da gudun tafiyar ƙafa ka rage a jikinta, ka ci riba.

Wannan na buƙatar tazara tsakaninka da na gaba. Idan ka manne masa, duk birkin da ya taka sai ka taka. Idan ka bar fili, shi ya yi ta taka birkinsa, kai ɗaga ƙafa kawai za ka yi. Wasu za su kutso cikin filin da ka bari, haka ne. Ka ƙyale su. Na lura cewa fushin da mutum ke yi a kan wannan ya fi minti ɗayan da ya rasa tsada.

Wajen tashi kuma, kada ka ɗauka jan jiki kamar hawainiya shi ne tattali. Daɗewa a giya ta ɗaya da ta biyu cin mai ne. Ka tashi da matsakaicin ƙarfi, santsi-santsi, ka hau giya da wuri. A motar fetur mai giyar hannu, ka canza idan allurar juyin inji ta kai tsakanin 2,000 da 2,500. Idan ka ji injin na kakkarwa yana nishi, alama ce ka hau giya da wuri fiye da kima, sauko da ɗaya. A mota mai otomatik, idan ka kai gudun da kake so ka ɗan sassauta ƙafa, za ka ji ta shige giya ta gaba da kanta. Danna totur har ƙasa kuwa umarni ne gare ta ta sauko giya ta buɗe maƙogwaro.

Ga wata tsohuwar ɗabi'a da ya kamata a binne: saka mota a firi a gangara. A zamanin kafireto, wato na'urar da ke haɗa mai da iska a tsofaffin motoci, akwai ɗan abin da ake samu. Motocin da kwamfuta ke raba musu mai kuwa, idan suna cikin giya kuma ƙafarka ba ta kan totur, kwamfutar kan datse man gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Idan ka saka firi, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ka ga ka yi asara biyu, ga mai ya tafi, ga riƙon da giya ke yi wa mota a gangara ka rasa, nauyin duka ya koma kan birki. Kashe injin a gangara kuwa ganganci ne tsagwaronsa. Birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin ma ya kulle. Haka nan manne wa bayan babbar mota wai don ta kare maka iska. Kada ka soma.

Gudu a babbar hanya

Iska ba ta jin komai a gudun cikin gari, amma a babbar hanya ita ce babbar abokiyar gaba. Turjiyarta na ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa. Daga kilomita 100 zuwa 120 ka ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari ne, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44. Yawancin motoci sun fi tattali a giyar ƙarshe a matsakaicin gudu, kuma da an wuce wajen kilomita 80 shan mai ke fara hawa da sauri.

Gwamnatoci sun san da haka tuntuni. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙasashe mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55, wato kusan kilomita 89, a faɗin Amurka, kuma sai a 1995 aka soke ta gaba ɗaya. A Maris na 2022 ma, da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar da shawarwari goma na rage shan mai, ta farko a cikinsu ita ce a rage gudun manyan hanyoyi da aƙalla kilomita 10.

Sai ka auna abin da gudun ke saya maka. Tafiyar kilomita 100 a gudun 120 minti 50 ce, a gudun 100 kuma awa ɗaya. Minti goma. A tafiyar kilomita 20, bambancin minti biyu ne kacal, wanda danja ɗaya za ta cinye. Wani lokaci minti goman na da muhimmanci, ban musa ba. Amma ka san cewa sayensu kake yi.

Riƙe gudu ɗaya ya fi hawa da sauka. Idan motarka na da na'urar riƙe gudu, ka yi amfani da ita a miƙaƙƙiyar hanya. A hanyar tuddai ka kashe ta, domin takan dage sai ta riƙe gudun a kan hawa ko da za ta shanye tanki. Ƙafar mai hankali takan bar gudu ya ɗan ragu a hawa, ta maido shi a gangara.

Mota na tsaye, inji na ci

Motar da ke tsaye injinta na aiki tana shan kusan lita ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon girman injin da ko na'urar sanyaya na kunne. Kilomita sifili a kan lita ke nan. Ka tuna jiran ɗauko yara, jiran wanda ya ce "ga ni nan fitowa", amsa doguwar waya a gefen titi. Idan ka faka kuma tsayuwar za ta wuce minti ɗaya, kashe. Tayar da injin da ke da zafi bai cin fiye da man daƙiƙa goma na tsayuwa, shi ya sa sababbin motoci da yawa ke kashe kansu a danja. Amma waɗancan an yi musu batir da kik na musamman. Idan taka ba irinsu ba ce, kada ka riƙa kashewa da kunnawa a cikin cunkoson da ke motsi kowane rabin minti.

Ɗumama mota da safe na minti goma shi ma gadon zamanin kafireto ne. Rabin minti ya isa baƙin mai ya zagaya. Daga nan ka tashi a hankali, kada ka matsa mata a kilomitocin farko. Inji ya fi saurin ɗaukar zafi yana tafiya. Wancan hura totur da wasu ke yi kafin su kashe mota kuwa ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma babu abin da yake yi sai ƙona mai da damun maƙwabta.

Tafiyar da ba a yi ba

Inji mai sanyi mashayi ne. Har sai ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 90, kwamfuta na ƙara masa mai, baƙin mai kuma na da kauri. Saboda haka gajerun tafiye-tafiye su ne mafi tsada a kan kowace kilomita. Fita sau huɗu a yini, kowacce kilomita biyu da inji mai sanyi, ta fi fita ɗaya mai tsawon kilomita takwas cin mai nesa ba kusa ba.

Ka haɗa saƙonninka a fita ɗaya. Ka fara da wuri mafi nisa don injin ya yi zafi, sannan ka biyo sauran a hanyar dawowa. Idan aikinka zai bari ka fita kafin cunkoso ko bayansa, rabin awa kan canza lissafin mako gaba ɗaya. Hanya mafi gajarta ba kullum ce mafi arha ba, wadda ta ɗan fi tsawo amma babu tsaye-tsaye takan fi. Idan kuna da abokin aiki da hanyarku ɗaya, ku yi karɓa-karɓa, kowa ya raba man zuwa aiki biyu. Abin da ƙafa ko keke za su iya, a bar musu. Wannan sashen gajere ne don babu wani sirri a ciki, amma a lissafi yakan fi duk sauran.

Taya, kaya, da rufin mota

Taya na rage iska da kanta ko babu huji, wajen awo ɗaya na PSI, ma'aunin iskar taya, a wata. Taya mai laushi tana lanƙwasa a kan titi, tana jan mota baya. Asarar man ba ta da yawa, gyara iska kan dawo da abin da bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, amma kyauta ce, ga tsawon ran taya, ga kariya daga fashewa a kan gudu. Ka duba sau ɗaya a wata da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a littafin mota. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. Ka sayi ƙaramin geji naka. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne, kuma cika iska fiye da kima na rage riƙon titi.

Buɗe but ɗinka ka duba. Kowane kilo 45 na ƙarin nauyi na cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari, a ƙaramar mota ma ya fi haka. Safaya da jak da kayan gaggawa su zauna, sauran tarkacen su sauka.

Kariyar ɗora kaya a rufin mota ta fi nauyin but illa, domin ita da iska take faɗa. Akwatin kaya a saman mota kan ci kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun babbar hanya. Ko babu komai a kanta tana ja. In ba tafiya za ka yi ba, kwance ta.

Na'urar sanyaya ko sauke gilashi?

A tsananin zafi, musamman a gajeriyar tafiya, na'urar sanyaya na iya cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin mota. Ba zan ce wa kowa ya gasa kansa ba, direban da zafi ya galabaitar haɗari ne. Amma akwai dabara. Ka faka a inuwa, ko ka sa abin tare rana a gilashin gaba. Idan ka shiga motar da ta sha rana, sauke gilasai ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fita, sannan ka rufe ka kunna. Da ciki ya yi sanyi, ka danna maɓallin da ke juya iskar cikin motar, don kada na'urar ta yi ta fama da zazzafar iskar waje. A gudun cikin gari sauke gilashi ya fi arha. A babbar hanya buɗaɗɗen gilashi na ƙara turjiyar iska, gara a rufe a kunna sanyi daidai-daidai.

Wurin bakanike

Littafin nan da ka fara rubutu a ciki, a nan yake biyanka. Idan motar da ta saba shan 9 ta koma 11 alhali tuƙinka da hanyarka ba su canza ba, akwai abin da ya lalace.

Na taɓa yin watanni ina zargin gidajen mai da tauye mudu. Wata rana na dawo daga tafiyar da ba ta kai ta kilomita goma ba, na zagaya bayan mota zan ɗauki kaya, sai na ji wani ɗumi na bugun ƙafata daga tayar baya ta dama, da ɗan ƙauri kamar an ƙona roba. Na kai tafin hannu kusa da sauran ukun, lafiya lau. Ashe birkin wannan ƙafar ne ya maƙale, ba ya saki gaba ɗaya. Watanni ina tafe ina jan birki ban sani ba. Ka riƙa yin wannan gwajin lokaci-lokaci, amma kusa za ka kai hannu, kada ka taɓa ƙarfen.

Idan fitilar inji ta kama a gaban direba, kada ka liƙe ta da tef. Sau da yawa na'urar da ke auna iskar salansa ce ta mutu. Ita ke gaya wa kwamfuta ko haɗin ya yi daidai, wato kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi. Idan ta daina magana, kwamfuta sai ta yi ta ambaliyar mai, asarar kan kai har kashi 40 cikin ɗari. Alamunta baƙin hayaƙi, da warin ɗanyen fetur, da fulogi mai baƙin toka. A sa wa motar kwamfutar bincike kafin a fara canje-canjen kaya da ka.

Sai wani abu da nake roƙon masu mota su ƙi yarda da shi: cire tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi. Wasu masu gyara kan cire shi su jefar da zarar mota ta fara zafi. Sakamakon shi ne injin zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. A nemo ainihin dalilin zafin, ko fanka ce, ko lagireto ya toshe, ko tamostat ɗin ne ya mutu a sa sabo.

Wajen juye, ka sa baƙin mai mai kaurin da littafin motarka ya faɗa. Wanda ya fi kauri na cin kashi ɗaya zuwa biyu. Fulogi su canzu a kan lokaci. Idan mota na ja gefe guda ko taya na cinyewa ta ɓari ɗaya, a yi mata saitin ƙafafu. Matatar iska mai datti kuwa a motar zamani ƙarfi take ragewa fiye da ƙara shan mai, amma a mai kafireto tana ƙarawa sosai.

A gidan mai, da 'yan kasuwar tsada

Fetur mai babbar lambar oktan, wato ma'aunin jurewar fetur ga matsi a cikin inji, ba ya ƙara wa motar da ba ta buƙace shi komai. Ka duba littafi ko murfin tanki, ka sayi abin da aka rubuta. Idan famfo ya katse, a tsaya, ƙarin da ake dannawa yakan zube ko ya shiga bututun tururi ya lalata shi. Ka tabbata mita ta koma sifili kafin a fara zuba maka, ka kuma rufe murfi har ya yi ƙara. Kada ka saba da yawo a kan jar fitila, domin famfon mai a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi.

Batun cewa shan mai da asuba ya fi auki, tankunan gidan mai a ƙarƙashin ƙasa suke, zafinsu bai cika canzawa tsakanin safe da rana ba. Zuba rabin tanki don rage nauyi shi ma wahalar banza ce. Litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, rabin tanki mai lita 50 bai kai kilo 20 ba. Zuwa gidan mai mai nisa don ɗan rangwame kuwa, ka lissafa man zuwa da dawowa da na bin layi tukuna.

Duk lokacin da fetur ya yi tsada sai masu sayar da abin al'ajabi su fito: maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai, ƙwayar da ake jefawa a tanki, 'yar na'urar da ake soka wa a soket tana ƙyalƙyali. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan fiye da ɗari, ba ta samu wanda ya kawo wani ragi na a zo a gani ba, wasu ma illa suke yi wa inji. Da maganaɗisu na rage shan mai, da kamfanonin ƙera motoci, waɗanda ke kashe maƙudan kuɗi don rage ɗigo, sun daɗe da saka shi.

Ko a canza motar?

Wannan tambayar sai bayan ka yi wata biyu ko uku kana bin matakan da ke sama kana rubutawa, domin a lokacin ne za ka san ainihin abin da motar ke sha a hannun direba mai lura. Sannan ka yi lissafi da lita. Mai yin kilomita 15,000 a shekara, idan ya sauka daga motar da ke shan lita 12 zuwa mai shan 8, ya tsira da lita 600 a shekara. Idan daga 8 zuwa 6 ne, lita 300 ce. Ka ninka da farashin lita a inda kake, ka raba cikon kuɗin da za ka yi wajen sayen sabuwar da abin da ya fito. Amsar ita ce yawan shekarun da za ka yi kafin canjin ya biya kansa. Ka sa kuɗin gyara da samuwar kayan gyara a ma'auni. Motoci masu haɗa fetur da batir sun fi nuna fifikonsu a cikin gari, saboda suna mayar da wani ɓangare na ƙarfin birki cikin batir maimakon ya tafi a zafi. Wanda yawancin tafiyarsa a babbar hanya take ba zai ga bambanci mai yawa haka ba, kuma idan ta hannu ce zai saya, a auna masa lafiyar batirin kafin ya biya.